Auren Spider-Man da aka goge, da fushin masu karatu

Na fara sanin Spider-Man ne a tsofaffin lambobin mujallar Strange, wadda kamfanin Lug na birnin Lyon ke fassara labaran Marvel zuwa Faransanci a cikinta. Wurin masu kasa tsofaffin littattafai a bakin titi muke samunsu, ba a jere ba, yau ka karanta ƙarshen faɗa, sai wani watan ka ga mafarinsa. Duk da haka mun ɗauki Peter Parker kamar ɗan unguwarmu: talaka ne, kullum kuɗin haya na damunsa.

Shi ya sa har yau ban huce ba da abin da Marvel ya yi a 2007. Peter ya auri Mary Jane tun 1987. Shekara 20 masu karatu na biye da wannan aure, daɗinsa da wuyarsa. Sai ga labarin One More Day: an harbi May, matar baffansa da ta rene shi, wani shaiɗani mai suna Mephisto ya ce zai cece ta in har za a shafe auren kamar ba a taɓa ɗaura shi ba. Suka yarda. Shi ke nan fa! Babban editan lokacin, Joe Quesada, bai ɓoye dalilinsa ba: a ganinsa aure ya tsufar da jarumin, saki ko mutuwar mata kuwa sai su ƙara masa tsufa. Wato aka ce wa wanda ya yi shekara 20 yana sayen mujallar wata bayan wata, abin da ka karanta bai faru ba.

Amma gaskiya ɗaya ce, mu masu karatu ma ba kanwar lasa ba ne. A 1988 kamfanin DC ya buɗe layin tarho, ya ce jama'a su zaɓa: Jason Todd, yaron Batman na biyu, ya mutu ko ya rayu? Masu son a kashe shi suka yi rinjaye da ƙuri'a 72 kacal cikin sama da dubu goma. Aka kashe shi, aka sha zagi, a 2005 kuma aka tado shi. A 1992 an kashe Superman, mutane suka yi layi suna saye, kafin shekara ta zagayo ya dawo. A 2011 DC ya mayar da mujallunsa duka lamba ta 1, ya goge auren Superman da Lois Lane, tsofaffin masoya suka yi ca a kansa, a 2016 ya fara janyewa. In an canza mu ce an ɓata mana jarumi, in an bar shi yadda yake mu ce tuwon jiya ake ɗumama mana.

A ganina tushen matsalar ba halin masu karatu ba ne, labarin ne ba a yarda ya ƙare ba. Lokacin da Stan Lee da Steve Ditko suka ƙirƙiro Peter a 1962 ɗan makaranta ne. Da ana ƙirga masa shekaru kamar kowa, da yanzu ya doshi 80. Amma shi dukiyar kamfani ne. Disney ya sayi Marvel a 2009 kan kusan dala biliyan 4, kuma fina-finai da riguna da kayan wasan yara duk matashin Peter suke so. Don haka kowane canji sai an bar masa ƙofar komawa. Marubuci zai zo da kuzarinsa, ya yi shekara uku ko biyar, wani ya zo ya share. Mai karatu kuwa ya riga ya gane mutuwa a nan ba mutuwa ba ce, to me zai sa gabansa ya faɗi? Ku dubi Tintin: Hergé ya rasu a 1983, bai so wani ya ci gaba da zana shi ba, aka tsaya a kundi 24, na ƙarshen ma bai kammala ba. Ba wanda zai wayi gari ya tarar an canza masa tarihin Kyaftin Haddock.

Ba ina cewa a binne Spider-Man ba ne. Abin da nake so shi ne editoci su daina neman gamsar da ɗan shekara 12 da ɗan shekara 50 cikin mujalla guda. Sun ma gwada, kuma ta yi kyau. A 2011 Brian Michael Bendis da Sara Pichelli suka kawo Miles Morales, yaro baƙar fata daga Brooklyn. An yi ta ƙorafi da farko, sai ga fim ɗinsa na 2018 ya ci kyautar Oscar. A 2024 kuma Jonathan Hickman ya fito da Ultimate Spider-Man, inda Peter magidanci ne, yana tare da Mary Jane da ƴaƴa biyu, mujallar ta shiga sahun gaba a kasuwar Amurka. Shi dai wannan auren ne aka ce mana a 2007 ba mai son karanta shi.