Kafintan Diffa Zai Iya Haɗa Wa Masunci Kayan Aikinsa

Lokacin da hukumomi suka hana su da cinikin banda a jihar Diffa a 2015, bayan hare-haren Boko Haram a Bosso da garin Diffa, ba kuɗin shiga kaɗai masuntan Komadugu suka rasa ba. Koma ta ruɓe a rataye, kwalekwale ya tsage a rana. Da aka ɗage dokar a 2019, da yawa sun koma bakin ruwa hannu rabbana.

Abin da ke damuna shi ne har yanzu jira muke a kawo mana kaya daga waje.

Ɗauki sandar fatsa. A Amurka masu sha'awar kamun kifi na haɗa abin naɗe ta a gida: falankin katako, tsayayyun itace biyu masu baki kamar gwafa da sandar za ta kwanta a kai, da ƙusa mai riƙe ƙwaryar zare. Kana juya sandar, zaren na naɗuwa tsaf a kan zoben da igiya ke bi, sai ka shafa gam. Wasu ma cikin shafukan littafi mai nauyi suke bi da zaren don ya yi tauri. Wane kafinta ne a kasuwar Diffa wannan zai gagara?

Na sani, da fatsa ba a cika kwali da banda. Gura da mamari ke ciyar da gida. To su ma ai da hannu ake ɗaure su. 'Yan uwa mazauna ƙetare, in za ku aiko wa ƙanenku kuɗi bana, ku saya masa zarto, zaren nailan da kwalin ƙugiya, ku biya wani tsohon masunci ya koya masa ɗauri kafin ruwan Komadugu ya sauko.