Kada Mu Raina Ganuwar Wurno

Ya ku 'yan makaranta, akwai wata magana da ke yawo a bakin waɗansu masu ganin sun waye. Wai tsohuwar ganuwa tulin ƙasa ce kurum, gara a kwashe ta a yi tubali. Af! Wannan magana ba ta da kai.

Ku dubi Wurno. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya kafa ta a gefen Gulbin Rima, ya mai da ita ribaɗi don tsare Sakkwato daga harin Gobirawa da Azbinawa. Nan ya zauna, nan ya rasu a 1837, nan hubbarensa yake. A 1853 wani Bajamushe, Barth, ya ƙetare Sahara ya sauka garin a zamanin Aliyu Babba, ya rubuta abin da ya gani. Baƙo ya san darajar wurin, ɗan gari ya kai masa gatari?

Za su ce, ai yanzu ba yaƙi. Gaskiya ne. Amma ƙasar tubali tana ko'ina, tun daga Raba har Gwaranyo. Ganuwar Bello kuwa, in ta faɗi ta faɗi ke nan, ko da dukiyar Ƙaruna ba a mai da ita. Da tsohuwar zuma ake magani.

To, ran hutu ku je ku auna abin da ya saura, ku tambayi dattawa sunayen ƙofofi, ku rubuta. Wanda kuka tarar yana haƙa, ku gaya wa mai unguwa. Allah Ya sa mu gane.