Furfura Ba Laifi Ba Ce

Jama'ar unguwa, akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Bayan harin da aka kai kasuwar shanu ta Potiskum a watan Mayun 2012, magidantanmu da yawa sun bar gari, wasu Kano, wasu Azare, jari ya karye. Yanzu sun dawo da furfura suna neman aiki, mu kuma sai mu ce, "Baba, ai yaro muke nema." Wani har ya ƙara da, "Ina ka shiga duk shekarun nan?" Haba! Kai ba a gabanka aka yi gudun ba?

N-Power da gwamnati ta fara a 2016, a lokacin iyakarsa shekara 35 ce. To, mu ma sai mu rufe musu ƙofa?

Wanda ya yi shekara 20 yana dillanci ranar Laraba, idonsa bai manta lafiyayyen sa ba. Abin da ya wuce shi POS ne da tura kuɗi ta waya, ɗanka ma zai koya masa cikin mako guda. Amana fa, wa ke koyar da ita a mako?

Alhazai, a daina sallamar su da ɗari biyar bayan Juma'a. A ba su riƙon sito, ko littafin bashi, ko rakiyar shanu zuwa Kudu. Ɗari biyar ba ta kai magariba, kuma mai iyali ba bara ya zo yi ba.

Allah Ya sa mu gyara.