Revathi da Rahoton da Aka Kulle

Masu kallon silimar Indiya a Maraɗi da Damagaram sun san fuskar Revathi, ko da sunan ya ɓace masu, domin ita ce ta fito tare da Salman Khan cikin "Love" a 1991. An haife ta a Koci, jihar Kerala, a 1966. Ta fara wasa a 1983, ta yi tashe cikin harsunan Tamil da Malayalam, musamman da "Kilukkam" na 1991 da "Devasuram" na 1993. A 2004 ta shirya "Phir Milenge", labarin ma'aikaciyar da aka kora saboda tana ɗauke da ƙwayar cutar sida.

Duk ɗan kasuwa ya san suna jari ne. Abin da ya ɗaukaka wannan baiwar Allah shi ne inda ta zuba nata. A watan Fabrairu na 2017 aka sace wata ƴar wasa cikin mota a kusa da Koci, aka ci mutuncinta. Revathi ta shiga cikin matan da suka kafa ƙungiyar WCC don kare mata ma'aikatan silima, suka kai kukansu ga shugaban gwamnatin jihar, Pinarayi Vijayan. A Oktoba na 2018, ita da Parvathy da Padmapriya suka fito gaban ƴan jarida cikin baƙaƙen tufafi, suka zargi AMMA, babbar ƙungiyar ƴan wasa, da juya wa wadda aka zalunta baya. Sabuwar ƴar wasa in ta faɗi haka, aikinta ya ƙare. Shi ya sa maganar ta wajaba a kan wadda ta shekara 35 cikin sana'ar.

Koken nasu ne ya sa gwamnati ta naɗa kwamitin mutum uku a ƙarƙashin tsohuwar alƙaliya K. Hema. Kwamitin ya miƙa rahotonsa a Disamba na 2019, sai aka kulle shi fiye da shekara huɗu. Ma'aikatan gwamnati sun san wannan dabara: a kafa kwamiti don ƙura ta lafa, a karɓi rahoto da hannu biyu, a bar shi ga gara. Sai da hukumar da ke kula da haƙƙin samun bayani ta ba da umurni kana ya fito, ran 19 ga Agusta 2024, an cire wasu shafuka. Abin da ya bayyana ya isa abin kunya: neman mata da lalata kafin a ba su aiki, aiki babu yarjejeniya a rubuce, wuraren ɗaukar hoto babu makewayi, da ƴan tsirarun manya masu hana wanda suka ga dama aiki. Kwana takwas bayan haka Mohanlal da sauran shugabannin AMMA suka sauka.

Akwai masu cewa waɗannan mata sun zubar da mutuncin sana'ar, kuma bincike da yawa da ƴan sanda suka buɗe an rufe su a 2025 don shaidu sun ƙi magana. Maganar rufe binciken gaskiya ce, amma tsoron shaidun shi ne ainihin cutar da rahoton ya ambata. Batun mutunci kuwa, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. A 2022 babbar kotun Kerala ta wajabta wa masu shirya fim su kafa kwamitin karɓar koke, bisa ƙarar da WCC ta shigar, kuma a 2025 Shwetha Menon ta zama mace ta farko da ta shugabanci AMMA.

Ƙungiyar da ke kare manyanta ta bar ƙanana ba ta gyaruwa da kanta. Sai wani daga cikin manyan ya yarda ya sa sunansa a ma'auni, kamar yadda Revathi ta yi.