Albashin da ke cikin tallar aiki a Birtaniya ba shi ne zai shiga aljihu ba

Tun da gwamnatin Birtaniya ta rufe ƙofar ɗauko masu kula da tsofaffi daga waje a watan Yulin 2025, hankalin matasanmu da dama ya koma kan bizar karatu. Ita kuwa bizar nan, awa 20 kacal a mako ta yarda ɗalibin jami'a ya yi aiki lokacin da makaranta ke ci. Shi ya sa nake ganin ya kamata iyayen da ke shirin cin bashi ko sayar da fili su san wata 'yar kalma da ake maƙalawa a tallar aiki, wato "pro rata".

Ma'anarta, gwargwadon aikinka, gwargwadon ladanka. Kuɗin da aka rubuta na mai cikakken aiki ne, yawanci awa 37 da rabi a mako. A ce talla ta nuna fam 24,000 a shekara, kai kuma awa 20 za ka yi. To sai ka raba 24,000 da 37.5, ka ninka da 20. Abin da ya fito, fam 12,800, shi ne naka, kusan fam 1,067 a wata. A ciki za a biya haya, a ci abinci, a hau mota, ga na gida suna jiran aike.

Aikin makaranta ma ya fi ruɗi, don sau biyu ake yankewa: a rage na awowi, a kuma rage na makonnin da yara ke hutu.

Amma fa tsarin ba zalunci ba ne. Dokar da aka kafa a 2000 ta hana a fifita mai cikakken aiki a kan mai rabin lokaci in aikinsu iri ɗaya ne. Kuɗin awa ɗaya ne ga duka biyun, kuma a Afrilun 2025 an mai da mafi ƙarancinsa fam 12.21 ga mai shekara 21 zuwa sama. Hutu ma da rabonka: mai aikin kwana 5 a mako yana da kwana 28 a shekara, mai kwana 3 yana da 16.8.

Inda abin ya fi ciwo shi ne bayan karatu. Mai son komawa bizar ƙwararrun ma'aikata, ma'aunin gama-gari ya kai fam 41,700, kuma ainihin abin da ake biyanka ake dubawa, ba adadin talla ba.

A nawa ganin, kafin kowa ya sa hannu, ya tambayi abu biyu: awa nawa ne cikakken mako a wurin, kuma nawa zai riƙa karɓa a wata. A ba shi amsar a rubuce.