Filin Fasaha: Akawu Ya Nemi Uku, Firinta Ta Ba Shi Tara

Sau da yawa akawu yakan umurci firinta ta buga takarda ɗaya, sai ta yi ta aman irinta. Nan da nan sai a hau zagin na'ura, alhali kuwa an bar jaki ne ana dukan taiki. Ita firinta abin da aka miƙa mata shi take bugawa.

Duk takardar da aka tura, sai ta fara shiga layi a cikin kwamfuta. A Windows, mai kula da layin shi ne Print Spooler. A Linux da kwamfutocin Apple kuwa CUPS ne, wanda ya fito a 1999, kamfanin Apple ya saye shi a 2007. Layin nan a rubuce yake cikin ma'ajiyar kwamfuta, don haka ko an ɗauke wuta ba ya gushewa. To, wanda ke neman bakin zaren, ya fara buɗe layin ya duba.

Idan ya tarar da sunan takarda ɗaya ya jeru sau biyar, kowanne da lokacinsa, laifin hannu ne. Takarda ce ta ƙare ko waya ta zare, firinta ta yi shiru, mai aiki ya yi ta danna umurni. Da an gyara, sai ta biya bashin duka.

Idan sunan sau ɗaya ya fito amma kwafe ya yi yawa, sai a duba adadi. Wuri biyu ake sa shi: cikin manhajar rubutu, da cikin saitin firinta kanta. Wani lokaci adadin biyu sukan ninka juna, uku a nan uku a can su zama tara. Maganinsa a mai da na firinta 1. Shafin gwaji na Windows yakan raba gardama: in ya fito sau ɗaya, matsalar tana wajen manhajar rubutu.

Na uku ya fi wuyar ganewa. Idan sadarwa ta yanke kafin kwamfuta ta tabbatar aiki ya isa, takan sake turo shi tun daga shafin farko. Alamarsa ita ce shafukan farko su yi ta maimaituwa. A nan sai a binciki waya, ko a bar Wi-Fi a koma kebul.

In layi ya cushe ya ƙi sharuwa, a kashe firinta domin ta manta abin da ta riƙe, a tsai da Print Spooler, a share abin da ke cikin C:\Windows\System32\spool\PRINTERS, sa'an nan a tashe su duka. Amma a sanar da abokan aiki tukuna, gama har nasu zai tafi.

Kada a ɗauki wannan ƙaramin abu. Rim ɗaya takarda 500 ne, ga tsadar tawada. Mafi muni, bauca biyu masu lamba ɗaya suna iya jawo biya sau biyu, kuma rarar takardar albashi ko ta jarrabawa da aka bari a kan tire ta zama tonon asiri. Ranar bincike kuwa akawu za a kira, shi zai amsa. Saboda haka in firinta ta yi shiru, a duba layi kafin a sake dannawa. Allah ya kiyashe ma'aikata da asara.