Ƙaramin Jirgi, Babbar Shaida

Mutane da yawa kan ɗauki sassaƙa ƙaramin jirgin ruwa na katako wasan yara ne. Tarihi bai yarda da wannan zato ba. A ƙarni na 17 da na 18, masassaƙan Ingila sun riƙa ƙera samfuran jiragen yaƙi masu tafiya da iska, galibi bisa ma'aunin 1 cikin 48, wato kowace ƙafa 4 ta koma inci 1. Akasarin jiragen sun ruɓe ko sun nutse, amma gidan tarihin Greenwich da ke Landan yana adane da samfuran, masana na karanta su kamar littafi.

Masu wannan sana'a a yau sun sami sabon alƙali, wato kyamara. Idan aka sauke ta daidai inda ruwa ke taɓa jirgi, aka tsuke ƙofar haskenta domin gaba da baya su fito tangaran, samfurin kan yi kwarjinin jirgin gaske. Sai dai zaren da ya zarce ma'auni kauri, ko ɗigon gam, ba ya ɓuya. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Saboda haka wajibi ne gwani ya auna kafin ya ɗaure, domin hoton da ya ɗauka yau shi ne hujjar mai nazarin gobe.